Ranar da Manzo Ya Ɗaga Ƙarfe

Da asubahin wannan Lahadin, Manzo yana tsaye a tsakiyar hanyar Kalfu yana danna diddigensa cikin jar ƙasa. An kwana ana ruwa. Diddigen ya nutse har idon sawu. Ya koma ya sauke ƙarfen bariyar, ya datse kwaɗo, ya rataya makulli a wuya, sa'an nan ya yi alwala.

Aikinsa ke nan. Hanyar ta marmara ce, babu kwalta. In ta sha ruwa sai ta yi laushi kamar tuwo, mota ɗaya ta isa ta farke ta. Shi ya sa aka dasa ƙarfe a bakinta, aka ajiye mutum ya riƙa rufewa har rana ta busar da ita. Ni lebura ne na hanya. Abin da taya ta ɓata, ni nake cikewa da shebur, don haka kusan kullum ina wurinsa.

Manzo mutumin Bambeye ne. Zamanin aikin dole aka kamo shi yana saurayi, ya yi dakon marmarar wannan hanya a kwando har gashin tsakar kansa ya ƙi fitowa. Da ya koma gida ya tarar an raba gonar ubansa ba shi. Ya dawo Tawa, ya yi dako, ya yi gadi, har aka ba shi bariyar. Bukkar da yake kwana da matarsa Kaltumi ma ta aikin ce. Ranar da aka miƙa masa makullin an gaya masa sarai: in ya buɗe hanya tana jiƙe ta lalace, ya kwashe kayansa.

Direbobi sun zage shi, sun ba shi goro, sun haɗa shi da iyayensa. Ba ya ɗagawa. Abu biyu kaɗai ke sa shi taɓa kwaɗon nan bayan ruwa: majinyaci da gawa. Ba ofis ne ya ce ya yi haka ba, shi ya ɗora wa kansa, kuma duk Tawa an san shi da wannan.

Da hantsi sai ga Landiroba a jere, za su kai shida. Ƴan kulob ne. Turawan da suka rage bayan mulkin kai, malaman makaranta da masu awon ƙasa, da waɗansu sababbin manyanmu da suka gaji kujerunsu. Kowace Lahadi suna fita daji. Ga mata da faffaɗan huluna, ga kare, ga akwatin kwalabe. Wanda ya sauko Hamisu ne, babban akawun ofishinmu, wanda muke ce wa Mushe, yadda ake kiran manya da harshen Turawan. Manzo ya san ubansa tun yana sayar da jar kanwa.

"Baba Manzo, ina kwana? Ɗaga muna."

"Lahiya lau, Mushe. Hanya ta sha ruwa. Ku dakata har azahar."

"Azahar? Kahin nan ai ta bushe!"

"Shi nika jira."

Hamisu ya juya ya faɗa wa Turawan da harshensu, suka kwashe da dariya. A lokacin ban gane abin dariyar ba.

"Wai ina za ku da wanga sauri?" in ji Manzo.

Hamisu ya nuna wani Bature mai gemu da ke rungume da jakar fata. "Lokotoro ne, likita. Wata mace ta kwana tana naƙuda a Kalfu."

"Mace guda, mota shida?"

"Haba tsoho! In guda ta kahe, wa zai jawo ta? Ko sai ta mutu ka taho ka yi muna gaisuwa?"

Manzo bai ƙara tambaya ba. Ya buɗe kwaɗo, ya ɗaga ƙarfe, har yana bin motar farko da gudu yana nuna wa direban gefen da ya fi tauri. "Ku bi ta hagu! Allah ya sauke ta lahiya!"

Ba su yi nisa ba. Akwai wani kwari bayan tudun farko, inda hanya ke ratsa fadama. Muna zaune muka ji injuna suna ruri a wuri ɗaya, ba sa gaba. Manzo ya zabura, ya kira ni.

"Arzika, sun kahe. Ɗauko shebur, baiwar Allah na can tana jira."

Muka ruga. Tsoho yana haki, takalminsa ɗaya ya maƙale a laka ya bar shi nan. Da muka hau tudun sai muka tsaya.

Babu wanda ya kafe. Mota ce ke ja da baya, ta taho a guje ta faɗa kwarin, laka ta tashi sama, ta fita ta can gefen, ta juyo. Wata ta biyo. Wani yana riƙe da agogo yana ihu. Matan sun shimfiɗa bargo a kan tudu suna tafi. Mai gemun ya buɗe jakar fatar, na ga abin da ke ciki: na'urar ɗaukar hoto.

Lakar suka zo nema. Ruwan da ya sa aka rufe hanya, shi ya fito da su daga gida. Manzo ya tsufa a bakin hanya, bai taɓa ganin wanda ya hau ta ba tare da wurin zuwa ba, shi ya sa bai yi wannan tunanin ba.

Ya gangara har gaban Hamisu da shebur a hannu. "Ina mai naƙudar?"

"Ta haihu, Baba. Namiji! Ranar suna mu aiko maka da goro."

Na zaci zai sara masa shebur ɗin. Ya dube shi kawai, ya dubi hanyar da ta koma kamar an yi huɗa, ya juya. Muka koma bariyar. Ya sauke ƙarfe, ya datse, ya hau kai ya zauna. Kaltumi ta kawo fura, bai taɓa ba.

Da la'asar sakaliya suka dawo, laka har rufin motoci, suna waƙa. Suka yi ta oda. Hamisu ya leƙo.

"To, Baba, wasa ya ƙare. Buɗe."

"Hanya jiƙe take. Ba ni ɗagawa sai ga majinyaci ko gawa. Wanne ne cikinku?"

Suka roƙa, suka yi barazana. Daga ƙarshe suka ɗaura sarƙa a ginshiƙin bariyar, mota ta ja, ya tumɓuke da simintinsa. Manzo ya faɗo a kan kafaɗarsa. Suka wuce. Wannan ma sun ɗauki hotonsa.

Ranar Litinin aka kira shi ofis. Laifi biyu: ya buɗe hanya tana jiƙe, kuma ƙarfen gwamnati ya lalace a hannunsa. Hamisu ne ya karanto masa, da farar riga, ko gezau. Babu wanda ya tambayi tayar wa ta yi ɓarnar. Na ce ina wurin, na ga kome. Shef, shugaban ofishin, ya ce ba a tambaye ni ba, in koma ga shebur ɗina. A ranar aka sallami Manzo.

Sauran daminar nan a kwarin muka ƙare ta, muna jidar dutse, manyan motocin kasuwa suna kafewa muna turawa. Ƴan kulob kuwa sun koma wata hanyar.

Ranar da Manzo ya bar bukkar, muna cikin wannan aikin. Ya ɗora tabarma da tukwane a kan jaki, Kaltumi tana biye, za su wurin danginta gaba da Kalfu. Hanya ce miƙaƙƙiya, ta bushe ƙayau, amma sai na hango su can gefe suna ratsa ƙarangiya da ƙaya.

"Yaya Manzo!" na ƙwala masa kira. "Hawo bisa hanya mana, ƙaya za ta cinye muku ƙafa!"

"Taku ce," in ji shi. Bai ko waiwayo ba.

Jakin ya gaji da ƙaya, ya karkata ya ɗora ƙafafunsa na gaba a kan marmara. Manzo ya fizgo igiyar da hannunsa mai lafiya, ya zabga masa sanda a wuya, ya mai da shi cikin ƙarangiya, suka ci gaba.