Ta'aziyyar da Na Karɓa a Makewayi

Shekarun baya, ina cikin takabar Malam, saura kaɗan in rasa yayarsa saboda sabis ɗin waya. Ni ban iya rubutu ba. Faɗa nake yi 'yata tana danna muku, kuma na gargaɗe ta kada ta rage mini ko kalma don jin kunya. In kun ga inda maganar ta yi tsalle, kuka ne ya zo mini. Har yau ba na ambaton mutumin nan idona a bushe.

Gidanmu a Ƙofar Dundaye yake, ginin ƙasa na tun kakanni, mai bango mai kaurin gaske. Malam ne mai waya a gidan. Ni ƙuli-ƙuli nake yi, mai nemana ya san ƙofa. Da ya rasu, 'yata ta damƙa mini wayarsa, irin ta shafawa, ta ce in ta yi ƙara in ja koren nan zuwa sama. Ta sa hoton kowa a kan lambarsa tunda ba na karatu. Bayan sadakar bakwai ta koma gidan mijinta a Arkilla, gida ya rage daga ni sai akuya.

Malam yana da yaya mace guda ɗaya. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kawo kayan aurena. Aure ya kai ta Kumasi tun muna da sauran ƙuruciya, can ta tsufa, ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya, don haka ba ta samu zuwa gaisuwa ba. Duk duniya ita kaɗai ta rage wadda ta san shi tun yana yawo ba wando. Mace ce mai zuciya. In ta yi fushi da mutum, sai a shekara ba ta ambace shi ba.

Daga can ta intanet take kira. A ɗakina kuwa, kiran cikin gari ma da ƙyar yake shiga, na intanet ko kusa. Ni ban san da wannan ba. Ina zaune a tabarma ina ta mamakin shirun Yaya, ashe ita ma tana can tana mamakin nawa.

Wata safiya na ɗaure wayar a bakin zane, na ɗauki buta na nufi makewayi. Namu a kusurwar gida yake, ba shi da rufi. Ina shiga, ko buta ban ajiye ba, wayar ta kama kuka kamar an taka kaza. Na kwance, sai ga hoton Yaya. Na ja koren.

"Salamu alaikum," in ji ta. Murya tangaram, kamar tana tsaye bayan ƙyaure.

To, ni tun ina ƙarama aka koya mini cewa a makewayi ba a amsa sallama, ba a ambaton sunan Allah, ba a ma buɗe baki. In ka ji wani ya taho, gyaran murya kake yi ya san da mutum. Shi ne abin da na yi. Na gyara murya.

"Ke ce? Ya haƙuri? Allah shi jiƙan ƙanena, shi haskaka makwancinai."

"Ehem."

"Ba ki ji na ne? Na ce Allah shi gafarta mai."

Na ce wa raina, bari in fita in amsa kamar 'yar mutunci. Na jefa ƙafar dama waje, na buɗe baki zan ce amin, sai ƙit, waya ta yi shiru. Na tsaya a tsakar gida ina ta "Amin, amin, Yaya, amin," ba mai ji na sai akuya.

Na koma ciki, kira ya sake shigowa. Ta yi addu'a, na yi gyaran murya, na fito da gudu, ya yanke. Na gwada ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, sai na rasa hukuncin bakina, a ciki yake ko a waje. Haka muka yi ta yi na wasu kwanaki. Duk lokacin da na shiga da buta, sai Yaya ta same ni, kamar tana leƙena daga Kumasi.

Za ku ce me ya hana in gaya mata gaskiya. Ku yaran yanzu ne. Matar nan matsayin uwar miji take a wurina, ban taɓa cin abinci a gabanta ba. In buɗe baki in ce, "Yaya, a bayan gida nake karɓar gaisuwar ƙanenki"? Gara ƙasa ta tsage.

Da 'yata ta kira, na ce mata kawai kiran Yaya yana yankewa. Ta ce, "Inna, ki danna hotonta, ki riƙe ɗan tambarin nan na ƙasa ki yi magana. Muryarki za ta zauna a wayar, da zarar an samu sabis sai ta tafi da kanta."

Na ji daɗi. Na yi alwala, na zauna, na fara da bisimilla da salatin Annabi, na jero amin ta dukan addu'o'in da ake bi na, na yi kuka mai isata, na saki tambarin. Na tashi zan kai wayar inda sabis yake, sai na tsaya cak a tsakar gida. Bisimilla da salati, daga ina za su tashi zuwa Kumasi? Daga makewayi. Na juya na tura wayar ƙarƙashin filo, na daina shiga da ita gaba ɗaya.

Kun ga ke nan abin da Yaya ta samu daga wurina: gyaran murya, yanke waya, sannan shiru.

Ana nan, wani ɗan uwansu mai fataucin goro ya dawo daga can. Ya tsaya a zaure, ni ina bayan labule, ya yi mini gaisuwa. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya ce, "Hajiya, yayar marigayi, ta ba ni saƙo. Ta ce ta yi wa ƙanenta addu'a kin yi mata kaki, kin kashe waya. Ta ce ba komi. Dama shi ya haɗa ku, shi kuma ya tahi."

Da ya tafi na koma ɗaki na zauna. Na rasa miji, ga shi zan rasa wadda ta rage mini daga jininsa, a kan abin da ko ganinsa ban taɓa yi ba.

Mai takaba ba ta fita yawon neman sabis a titi. Sai na zauna na yi lissafi irin nawa. Makewayi ba rufi, sabis yana shiga. Ashe daga sama yake sauka, kamar ruwa. In na hau sama daga waje, zan tare shi kafin ya faɗa ciki. Na mirgino turmin ƙuli-ƙulina, na kife shi jikin katanga, na tattare zane na hau, da shekaruna da ciwon gwiwata. Na miƙa wayar sama ina juya ta gabas da yamma.

"Mama! Lafiya?"

Maƙwabciyata ce. Malamar makaranta ce, Kirista, mutuniyar Filato, suna haya a gidan da ke manne da namu. Tana shanya kaya sai ta ga kan tsohuwa da hijabi ya ɓullo ta saman katanga.

"Lafiya lau, Malama. Iska nake sha."

"A kan me kike tsaye?"

"Turmi."

"Kada ki motsa, ga ni nan zuwa."

Ta zagayo ta sauke ni kamar jaririya. Ban san abin da ya buɗe bakina ba, wataƙila don ba surukata ba ce, na kwashe komai na gaya mata. Ta yi ƙoƙari, wallahi ta yi ƙoƙari. Ta cije leɓe, ta kalli akuya, ta kalli sama. Da na zo kan gyaran murya sai ta durƙushe a ƙasa. Ina kuka tana dariya, har ni ma dariyar ta kama ni ina share majina.

Da ta samu numfashi ta ce, "Mama, ba daga sama yake sauka ba. Kin san dogon ƙarfen nan mai jan fitila da ake hangowa daga bakin titi? Daga can yake tahowa, kamar yadda rediyo ke kama tasha. Bangonku ne ya yi kauri ya tare shi. Kusurwar can ce kaɗai take kallon ƙarfen."

Na ce, "To in fasa bango?"

"A'a. Ina da wani ɗan akwati a tagata, waifai ake ce masa. Shi yake kamo sabis ya raba wa wayoyin gida. Tagar tawa kuwa tana kallon ta ɗakinki. Kawo wayar in sa miki mabuɗinsa."

Na riƙe wayata gam. "Tsaya. Maganata ta ɗakinki za ta bi kafin ta tafi Kumasi?"

"Ta nan za ta bi."

"Kina jin duk abin da muke faɗa ke nan."

"Ko kaɗan. A ƙunshe take wucewa, sai ta isa wayar Hajiya take buɗewa."

Sai na faɗi abin da ke raina. "Malama, kada ki ji haushi. Addu'armu ce fa za ta riƙa bi ta akwatinki. Ba matsala?"

Ta riƙe haɓa ta ce, "Haba Mama. Addu'ar da ta jure makewayi, ɗakina ne zai gagare ta?"

Na miƙa mata wayar.

Muka zauna a ɗakina, kan tabarmar Malam. Tana gama dannawa, muryar da na ɗauka ta tafi. Muka jira, Yaya ba ta ko saurara ba. Malama ta danna kira mai nuna fuska. Ya yi ta ƙara har ya gaji. Ta sake. Can sai ga goshin Yaya ya cika wayar, sannan hanci, sannan ido ɗaya.

"Wa ke nan? Au, mai kaki ce? Tarin ya warke?"

Malama ta sulale ta fita. Na sunkuyar da kai, Yaya ta wanke ni tas. Ta tuno mini da kayan aurena da ta ɗauko a ka, da zaman da ta yi mini a haihuwar fari. Na jira har ta tsaya shan iska.

Na ce, "Yaya, ki gafarce ni. Duk kiran da kika yi, a makewayi ya same ni. Nan kaɗai sabis yake kamawa a gidan."

Fuskarta ta tsaya cak. Na ɗauka akwatin Malama ne ya gaza, har na fara girgiza wayar. Sai na ga kafaɗarta tana rawa.

"Makewayin kusurwa? Wanda ba rufi?"

"Shi."

Ta saki dariya. Jama'a, dariyar Malam ce sak, irin wadda take farawa ta hanci kafin ta fito baki. Ban san suna dariya iri ɗaya ba sai ranar, don ban taɓa ganin ta yi a gabana ba. Na kifa kai a gwiwa na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da shi. Da na ɗago, ita ma tana share ido da bakin mayafi.

"Wawuya," in ji ta. "Gyara zama. Yanzu ina kike?"

"Kan tabarmarsa."

"To, sai a sake daga farko."

Ta ɗauko addu'o'in ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba, ni kuma ina amsa amin da ƙarfi, har Malama ta ce ta ji ni daga tsakar gidanta.

Daga ranar, kusan kowace Juma'a sai Yaya ta kira. A bakinta na ji labaran ƙuruciyar Malam da bai taɓa ba ni ba, har da ranar da jaki ya jefar da shi a kasuwa ya ce shi ya sauka da kansa. Mun samu shekaru muna haka kafin ita ma ta bi shi.

Abin da na gane shi ne, kunya ta kusa raba ni da ita, ba sabis ba. Magana ɗaya ce da na faɗa tun ranar farko da an wuce wurin. Amma ko yau aka mayar da ni, ban tabbata bakina zai iya ba.

Yanzu ni ce mai yi musu addu'a su biyun, kuma ba kullum nake samun mai amsa mini ba. Shi ya sa na ce 'yata ta rubuta muku. Allah shi jiƙan Malam, Allah shi jiƙan Yaya, shi haɗa su inda ba rabuwa. Ku ce amin. Amma na san halinku da waya, don Allah wanda yake karanta wannan a makewayi, ya fito tukuna.