Badaru, Mai Zana Ƙeyar Mutanen Gaya

Kafin masu shayi su gama hura wuta a bakin tashar Gaya, Badaru ya riga ya buɗe rumfarsa. Rumfar ma dai suna ta tara: langa-langa huɗu, benci ɗaya mai ɗingishi, da gwangwanayen fenti a jere gindin bango. Yakan fara da wanke buroshi cikin kananzir, ɗaya bayan ɗaya, ya goge su da tsumma. Daga nan sai zaman jira. Wata rana mai a-daidaita-sahu ya zo a rubuta masa kirari a bayan kekensa, wata rana mai kanti ya kawo allo, wata rana hedimasta ya aiko a sabunta sunan makaranta da ruwan damina ya wanke. Wata rana kuma, kuma irinta ce ta fi yawa a 'yan shekarun nan, babu mai leƙo shi sai ƙuda.

Wannan shi ne Badarun da kowa ya sani, mai fenti na tasha. Saboda ɗayan Badarun, wanda ba mu sani ba, na ɗauki alƙalami.

Duk ranar Alhamis, da an idar da azahar, ko wa ya kawo aiki sai ya ce masa ya dawo Asabar. Sai ya jawo kwalin taliya da ya roƙo wajen masu kanti, ya yanke gefen da ba rubutu, ya ja layi ya raba shi gida huɗu. Da baƙin biro da ragowar fentin da ya kankaro daga gindin gwangwani yake zana ɗan gajeren labari, gida ɗaya na bin ɗaya, da maganar mutanen a rubuce bisa kawunansu. Ranar Juma'a da hantsi sai ya jingina kwalin inda rana ke bugawa, ya ɗauke shi da wayarsa mai tsagaggen gilashi, ya ɗora a Fesbuk, a shafin da ya sa wa suna Ƙeya. Kafin a sauko daga masallaci zanen ya zaga wayoyin Gaya da Ajingi, ya isa har wajen 'yan ci-ranin da ke Kudu. Shekara tara yana wannan, kyauta, datar ma daga aljihunsa.

Duk wanda ya taɓa ganin Ƙeya ya san dalilin sunan. Babu fuska ko ɗaya a cikinta. Kowa ya ba mai kallo baya.

Asalin abin alkawari ne. Mahaifinsa, Malam Bunu, wanda kakanninsa suka zo daga gabas suka zauna a Gafasa tun ba a haifi kowa cikinmu ba, ya taɓa kama shi yana zana fuskar wani maƙwabci a bayan littafi. Bai doke shi ba. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Badaru, hannun nan baiwa ce, ba zan hana ka ba. Amma fuska ka bar wa Mahaliccinta. Ka yi mini wannan." Ya ce, "Na yi, Baba." Malam Bunu ya rasu da daɗewa, wasu malaman ma sun ce masa akwai sassauci a maganar, amma shi ya ce ba da su ya yi alkawari ba.

To, wanda aka hana fuska dole ya koyi baya. Ya san yadda hula ke karkata a kan mutumin da dawarsa ta yi kyau, ya san yadda kafaɗa ke zubewa idan tsutsa ta cinye wake. Ya san ɗaurin goyon matan Toranke, ya san tafiyar dillali idan ya yi ƙarya ta karɓu. Shi ya sa kowace Juma'a gari kan ɗauka: "Wallahi wannan Baffa ne mai nama!" "Kai, dubi ɗan kansilan nan, har tumbinsa ana gani ta baya!" Ba ya rubuta sunan kowa, amma ba a taɓa kwana ana musu ba.

Kuma ba dariya kaɗai ba ce. Akwai tsohuwar rijiya a buɗe a hanyar gonakin Gafasa, an shekara ana cewa za a rufe. Ya zana manyan gari biyar sun kewaye ta, sun ba mu baya, kowa na cewa "sai an yi zama", ga tunkiya tana leƙo su daga ciki. Kowanne cikin biyar ɗin ya gane ƙeyarsa. Kafin wata Juma'ar an rufe rijiya da siminti.

Muzammil, direban a-daidaita mai jigila tsakanin Gaya da Toranke, yana cikin 'yan kaɗan da suka san mai zanen, don shi ke ɗauko masa kwalayen daga wajen masu kanti. Shi ya ba ni labarin Hanne. Dattijuwa ce daga Toranke, mijinta Haruna ya rasu da shekara guda. 'Yarta ta nuna mata wani tsohon zane a waya: mutum ya saɓa fartanya a kafaɗar hagu, yana ɗan jan ƙafar dama, zai shiga gona. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. Ta yi ta tambaya har ta faɗa kan Muzammil, ya ɗauko ta ya kawo ta rumfar Badaru.

"Kai ne ka zana Malam?" in ji ta.

"Wane Malam, Inna?"

"Mai jan ƙafa. Hoton katinsa na zaɓe ina da shi, amma ba shi ba ne, ya ɗaure fuska kamar an kama shi da laifi. Ni shekara talatin haka nake ganinsa kullum da safe, yana fita, ni ina bakin ƙofa."

Badaru ya juya ya duƙa kan tarin kwalayen da ke bayan benci. Ya daɗe yana tonawa, ita tana zaune a bayansa tana jira, har ya samo shi. Ya kaɗe ƙura ya miƙa mata. Ta kwance bakin zani za ta ba shi wani abu, ya ce, "Haba Inna, ai naki ne, ajiya ce kawai ta daɗe a wajena." Muzammil ya ce har suka koma Toranke kwalin na rungume a ƙirjinta.

Kai ne wannan, Badaru. Na Bunu mai cika alkawari, gwanin da bai nemi a sani ba. Kai ne ka mayar wa gwauruwa mijinta a kan kwalin taliya.

Kada wani ya ce ɓoye kansa ya yi. Bai ɓoye ba, mu ne ba mu tambaya ba. A kan bencinsa mutane ke zama su buɗe waya su yi ta ƙyalƙyala dariya. Wani mai kanti ya taɓa tura masa wayar a fuska, ya ce, "Ka ga masu zane na gaske, Badaru? Wannan ba ƙaramin ɗan boko ba ne, a Abuja yake, an dai ba shi labarinmu." Bayan haka ya tsaya yana ja-in-ja da shi kan kuɗin allo, wai ai 'yan haruffa ne. Badaru ya yi murmushi ya ce, "Lallai ya iya." Tir da mu, wallahi.

Ana cikin haka sana'ar da ke ciyar da shi ta fara mutuwa a hannunsa. Injin buga allon talla ya shigo. Mai kanti zai tura sunansa ta waya, gobe a kawo masa daga birni, mai sheƙi, har da hotonsa. Masu a-daidaita suka koma sitika. Ɗan aikin da ya rage kuma, idan ya faɗo ranar Alhamis, Badaru ya kore shi zuwa Asabar, mai aikin ya tafi bai dawo ba. Sau ɗaya, kunya kamar ta kashe shi, ya rubuta a ƙarƙashin zane cewa mai Ƙeya na neman wanda zai tallafa masa ko da data ce. Mutane suka yi ca: "Allah ya ƙara basira." "Muna alfahari da kai." Addu'a ta zuba kamar ruwan Agusta, ya gode, ya ce amin. Babu wanda ya tambayi inda za a same shi.

Matarsa Halima Sadiya ba mai yawan magana ba ce. Ita ke riƙe masa kwalin idan iska ta hana ɗaukar hoto, ita ke fara yin dariya kafin kowa. Amma bara ruwa ya ɗauke da wuri, 'yar gonar gado ba ta ba da abin kirki ba, rumbu ya yi ƙasa tun kafin bazara.

"Baban Umaima," in ji ta wata Alhamis da safe, "yau ɗaya dai, idan aiki ya zo ka karɓa."

"Gobe Juma'a, mutane na jira."

"Mutanen sun san gidanka? Ni ba na ƙin abin nan, ka sani. Amma dariyar gari ba ta tuƙa tuwo."

Ya ɗauki hularsa. Ya tafi, aiki ya zo, ya ce Asabar. Da ya dawo da yamma da kwalinsa a hamata, ya tarar turken akuya babu komai sai igiya. Akuyar Halima ce, tun ta gidansu, wadda ta sha cewa ko ana ha-maza-ha-mata ba za ta sayar ba. Ga tukunya a kan murhu tana tafasa, ga Umaima da ƙannenta sun kewaye ta. Halima ba ta ɗago kai ba. Ya tsaya a tsakar gida da zanen da zai ba gari dariya gobe, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Dama wani mai ɗab'i a birnin Kano, Alhaji Muhammad Bashir, ya daɗe yana nemansa, don ya ga rubutun hannunsa a bayan wata mota. Mutumin kirki ne, aikin ma na mutunci: tsara haruffa da kalolin allunan da injin ke bugawa, wato injin da ya kashe masa kasuwa. Sai dai aikin kwana shida ne a mako, babu wata Alhamis. Ko da ma akwai, Badaru ya ce wa Muzammil, "Ƙeyar da ban sani ba, ta yaya zan zana ta?" Sau biyu yana cewa a'a. Ranar akuya ya kira Alhaji ya ce yana zuwa. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ai ya fi wutar zafi. Ni ban ga laifinsa ba, kuma kada wanda ya gani.

Juma'ar ƙarshe zanen ya fito babu magana ko ɗaya. Gida na farko, mutum zaune a benci. Na biyu, yana ɗaure kaya. Na uku, yana tafiya wajen motoci da jaka a hannu, kafaɗar dama ta ɗan fi ta hagu sauka, ga ɗigon shuɗi a gefen riga. Na huɗu, bencin kaɗai.

Gari ya ɗauka kamar kullum. Wane ne wannan? Wasu suka ce tela ne da ya koma Wudil. Wasu suka ce ɗan ci-rani ne kawai. Ni da kaina, malamin makaranta a Ajingi, wanda Badaru ya rubuta wa allon makaranta har sau uku ina tsaye a bayansa ina cewa ya gyara nan ya gyara can, na rubuta cewa ina jin wani mai gyaran rediyo ne. Mu da muke gane Baffa mai nama daga wuyan rigarsa, aka kwana uku ana canka. Karo na farko a shekara tara, an zana ƙeya a Gaya ba a gane mai ita ba.

Hanne ce ta gane. 'Yarta ta nuna mata, ta duba sau ɗaya ta ce, "Wannan ai yaron nan ne mai fenti na tasha. Ina za shi?" Ita kaɗai cikinmu ta taɓa zama ta kalli bayansa. Da Muzammil ya faɗa mata ya riga ya tafi, sai ta ce, "Allah sarki. Kuka bari?"

Mun bari, Inna. Wannan tambayar ce ta hana ni sakat har na rubuta wannan.

Na kira Badaru makon jiya. Yana lafiya, aiki na tafiya, yana aiko wa gida, Halima ta ce yara sun murmure. Na tambaye shi ko yana zane. Ya ce, "Malam, mutanen birni sauri suke, ƙeyarsu ba ta tsayawa." Ya tambaye ni ko murfin rijiyar Gafasa na nan lafiya.

Badaru ɗan Malam Bunu, mun gode. Mun gode da Alhamis ɗinka da ka ba mu, wadda ta iyalinka ce. Halima Sadiya, ke ma mun gode, da akuyarki aka biya dariyarmu, ba mu sani ba. Allah ya saka muku, ya jiƙan Malam Bunu, ya buɗa maka a inda kake.

Matasa masu baiwar hannu, ku ɗauki haƙurinsa da cika alkawarinsa, ku kalli mutanenku yadda ya kalle su. Mu kuma masu buɗe waya mu ci gumin wani kyauta, akwai irinsa da yawa a garuruwan nan. Idan abu ya faranta maka rai, ka tambayi wanda ya yi, ka nemi rumfarsa, ka kai masa aiki, kada ka tsaya ja-in-ja.

Rumfar tana nan a bakin tasha, wani mai cajin waya ya karɓe ta, bencin ma bai canza ba. An ce za ka zo gida da sallah, Badaru. Ka sauka a tasha ka wuce abinka, kada ka waiwayo. Wannan karon za mu kira sunanka daga baya.