Yadda zaɓen manhaja ya raba ni da aminina

Ya Edita, a ƙarshen shekarun alif ɗari tara da casa'in ni matashin ma'aikacin gwamnati ne a Jalingo, mai buga takardu da kwamfuta, kuma ina ji da kaina ƙwarai saboda masu iya wannan aiki a garin ba su da yawa. Wanda ya koya mini wani malamin lissafi ne ɗan Nukkai da ya girme ni da shekara biyar. Shi Kirista ne, ni Musulmi, amma kwano ɗaya muke ci. Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini ƙanena. Mun haɗa hannu muka buɗe ɗan shagon kwamfuta a unguwar Turaki, inda muke zama bayan an tashi aiki, muna cin gasasshiyar masara muna mafarkin abin da za mu zama.

Wata rana shugabannin wata ƙungiyar manoman riɗi suka zo mana. Suna son shafin intanet da masu saye daga waje za su duba su ga kayan da ke ajiye a kowane ƙauye. Wato sai an haɗa shafin da rumbun bayanai, yadda duk abin da aka sabunta zai fito da kansa. A nan muka saɓa. Yaya ya ce mu yi da wata manhaja mai suna PHP, wadda kyauta ce, ya ma kwafo ta a Jos yana ta koyonta. Ni kuwa na ga wata manhaja a Legas cikin kwali mai ƙyalli, wadda danne-danne kawai ake yi ta haɗa komai. Ya ce mu fara tambayar kamfanin da zai ɗauki shafin a kwamfutarsa ko tana aiki a can. Na ce masa abin kyauta ai na marasa hali ne, kuma tsoron sabon abu ke damunsa. Sai ya ce to, a yi yadda nake so.

Wata uku muna aiki. A shagonmu komai lafiya lau. Da yake ba mu da intanet, na ɗauki aikin a faifai na tafi Jos, inda akwai intanet, don a ɗora a kwamfutar kamfanin. Shafin ya buɗe, amma rumbun ya ƙi magana da shi, domin kwamfutar kamfanin ba ta san manhajata ba. Na dawo Jalingo. Da dattawan ƙungiyar suka taru a shago suna tambaya, ga lokacin girbi ya matso, sai na ce Yaya ne ya tsara rumbun ba daidai ba. A gabansa na faɗa. Bai ƙaryata ni ba. Ya ba su haƙuri, ya roƙi mako uku.

Shi kaɗai ya sake aikin da PHP, ya kai Jos da kansa, kuma shafin ya yi aiki. Da ya dawo ya miƙa mini makullin shago, ya ce ya samu koyarwa a wani gari, in riƙe wurin da kyau. Na karɓi makullin cikin kunya. Sai bayan wata biyu na iya zuwa Nukkai. Mahaifiyarsa ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo kunu, ta ce ɗana, ai yayanka ya jira ka har ranar tafiyarsa, yana ta leƙa ƙofa. Wasiƙa biyu na aika, ban san ko sun isa ba. Daga baya iyalin suka tashi, labarinsa ya yanke mini.

Har yau in na warware wata matsala mai wuya, shi nake fara jin son gaya wa. Na yi abokan aiki da yawa, ban sake samun wanda zai ɗauki laifina ya yi shiru ba.

Ku matasa masu wannan sana'a, kafin ku zaɓi kayan aiki ku tambayi inda zai zauna, ku saurari wanda ya riga ku, kada kwali ya ruɗe ku. In kuma kun yi kuskure, ku amsa shi da bakinku a ranar. Shafi ya gyaru cikin mako uku. Ni shekaru ke nan ina neman inda zan ce Yaya, ni ne na yi, ka yafe mini.