Ranar da Na Mai da wa Goggo Nononta

Shekarar da aka maido ni koyarwa a lekol ɗin garinmu, nan Ollelewa, na tarar da Inna, mahaifiyata, ta rame har zobe na zame mata daga yatsa. Cikinta ne. Da azahar sai ya kumbura ya ɗauki ƙugi, ta yi ta zarya bayan gida, ta dawo ta kwanta kan tabarma tana cije leɓe. An sha kanwa, an sha jiƙe-jiƙe, an sha rubutu, shiru kake ji.

Na kai ta gidan likita a Tanut. Lokotoro ya yi awo, ya ce bai ga tsutsa ba, bai ga gyambo ba, wataƙila wani abinci ne cikinta ba ya karɓa. Ya ce mu cire nono, wake, gyaɗa, barkono da duk abin alkama har mako uku. In ta samu sauƙi, mu riƙa maido su ɗaya bayan ɗaya, kwana uku-uku. Wanda ya tada ciwon, shi ne ɓarawon.

Ni kuwa ba na yi wa abu riƙon sakainar kashi. Na ƙwace madafa, sai tuwon gero da miyar kuka salam, da safe koko. Inna ta dubi kwanon ta ce, "Ikon Allah! Yau ni ce a horo, 'yata ce malama."

Mako biyu muna haka, ba sauƙi ko ƙanƙani. Har na fara zagin lokotoro a raina. Ran nan aka tashe mu daga lekol da wuri, na shigo gida da hantsi, sai ga Inna a bayan rumbu, ƙwarya a cinya, ludayi a baki. Kindirmo ne, kuma na san ƙwaryar.

Ta Goggo ce, wata tsohuwar Bafillatana da rugarsu ke yamma da gari, ƙawar Inna tun suna amare. Tun kafin a haife ni, duk bayan kwana biyu takan kawo nono, su zauna su yi hira, Inna ta juye ta cika mata ƙwaryar da gero. Ba ciniki ba ne, zumunci ne. A wajenmu ƙwarya ba ta komawa fayau, kuma ba a mai da ita da abin da ta zo da shi. Wanda ya yi haka ya yanke igiya ke nan. Na san wannan sarai, ba zan yi wa kaina ƙarya ba.

Na ce, "Haba Inna! Ina nan ina kashe kaina da tuwo salam, ashe a bayana ake warware mini aiki?"

Ta ce, "Ke 'yar nan, sassauta murya. Abin hannunta ne, yaya zan ce mata a'a?"

Raina ya riga ya ɓaci. Na fizge ƙwaryar na fita. Na cim ma Goggo a bakin rijiya, inda ta leƙa kafin ta dawo ɗaukar ƙwaryarta, mata cike suna jan guga. Na dire mata ita a gaba na ce, "Goggo, ga nononki. Shi ke neman kashe mana uwa. Kada a sake kawowa."

Ta dube ni, ta dubi nonon, ta rufe shi da faifai ta aza a ka. Ta ce, "To, 'yata. Allah ya ba ta lafiya." Ta tafi ba ta waiwayo ba.

Abin takaicin, gaskiyata ce. Kwana goma cikin Inna ya lafa. Muka maido wake, lafiya. Gyaɗa, lafiya. Har barkono da burodi. Ranar da na gwada ta da ludayi biyu na nono, ciwon ya dawo. Na yi ta cika baki a gari, ni na gano cuta. Sau uku Inna tana cewa in je ruga in ba da haƙuri, ina cewa sai an gama jarrabawa. Girman kai ne kawai. Damina ta faɗi, su Goggo suka tashi da shanu suka yi arewa, wajen Belbeji.

Da kaka suka dawo babu ita. Surukarta ce ta zo ta faɗa mana, zazzaɓin kwana huɗu ne, a can aka rufe ta.

Inna ba ta yi kuka a gaban baƙuwa ba. Da ta tafi, na zauna kusa da ita, kunya da baƙin ciki sun hana ni ɗaga kai. Na ce, "Inna, ki yafe mini. Lafiyarki nake nema, ke ma ba ki san nonon ne ba."

Ta juyo ta ce, "Wa ya ce ban sani ba? Tun kina makaranta a Damagaram na sani. Ciwon azahar ne, kafin magariba ya wuce, na ga zan iya ɗauka." Ta dafa cikinta, hawaye na zubo mata. "Yanzu ga shi nan lafiya lau. To, wa zan faɗa wa?"