Saran Maciji a Ranar Jerin Gwanon Motocinmu

Lokacin da abin nan ya faru ina da shagon kayan gyaran mota a Yelwa, ban daɗe da aure ba, kuma duk wanda ya san ni ya san ba abin da ke gabana sai mota. Ina da wata ja ƙirar Jamus, tsohuwa ce amma ta sha gyara. Na sa an rage mata tsayi har cikinta ya kusa shafar ƙasa, na sauya mata salansa yadda in na taka ta a kasuwa sai an ji ni a bakin ruwa, na kuma fitar da safayar taya daga but ɗin baya na cika wurin da manyan lasifikoki. Muna da ƙungiya ta masu son mota, cikinmu da malaman makaranta da 'yan kasuwa da makanikai. Shugabanmu wani Alhaji ne da ya yi ritaya, mai wata doguwar jif tsohuwa da muke tsokanarsa muna ce mata raƙuma.

A daminar shekarar ruwa ya yi ambaliya daga Shanga har ƙauyukan Ngaski na bakin tafki. Shinkafa ta nutse tana gab da nuna, gidajen ƙasa suka narke, mutane suka koma makarantu da kan tudu. Alhaji ne ya kawo shawarar mu yi jerin gwano da motocinmu daga Yelwa zuwa wajen Wara, muna tsayawa gari-gari muna karɓar taimako, mu kai wa waɗanda abin ya shafa. Wallahi ban taɓa ganin shawarar da ta karɓu haka ba. Kafin mako ya zagayo masu mota daga Zuru da Kontagora da Birnin Kebbi sun ce da su za a yi.

Ranar kuwa, Yelwa ta cika ta batse. Motoci sun sha wanki suna ƙyalli, an ɗaura musu kyallaye, 'yan kabu-kabu sun sa mu a tsakiya suna ta oda. Mata masu kifi suka bar tirensu suna guɗa. Wani mai shinkafa ya ɗauko buhu da kansa ya jefa a bayan a-kori-kura, wata tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta zuba abin da ke ciki a kwalinmu, masu tabarmi da gidan sauro suna miƙowa ta taga. Ni ne a sahun gaba, kiɗa na tashi, ina taka mota tana ruri jama'a na ihu. Duk garin da muka shiga haka ne, har but ɗin wasu ya ƙi rufuwa. Zuciyata fes, ina jin yau dai son motar da ake yi mini gori a kansa ya yi rana.

Kafin mu kai Wara muka saki kwalta muka bi wata hanyar burji zuwa wani ƙauye na bakin tafki, inda mutane suka yi sansani a kan tudu. Da ƙyar motata ta shiga, cikinta na gurzar ƙasa, amma murna ba ta bar ni na damu ba. An fara sauke kaya ke nan, ana ta addu'a, sai muka ji kururuwa daga bayan rumfuna. Wata dattijuwa ce mai bandar kifi, ta sa ƙafa cikin tarin itacen da ruwa ya koro, macijin nan gobe-da-nisa ya sare ta. Ɗanta, wani masunci magidanci, ya sungumo ta yana kiran sunan Allah. Akwai ma'aikaciyar jinya a tawagarmu. Ta hana a ɗaure ƙafar ko a tsaga ko a jijjiga ta, ta ce maganin yana babban asibitin Yelwa, a tafi da ita yanzu-yanzu.

Kafin ta rufe baki na buɗe ƙofar motata. Alhaji ya riƙe hannuna ya ce in dakata a sauke buhunan da ke kujerun jif ɗinsa, hanyar nan ba ta motata ba ce, ya ga yadda na shigo. Na ce masa kafin raƙumarsa ta kai kwalta ni na isa Yelwa. Gaskiya ne tawa ta fi gudu, amma ba shi kaɗai ne dalilina ba. Wayoyi sun ɗagu ta ko'ina ana ɗauka, matasa na kiran sunana, kuma na ji ba zan iya barin wannan rana ta zama ta wani ba. Aka kwantar da ita a baya, ɗanta ya tallafe kanta, na fizgi mota jama'a na kabbara.

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Ina kauce wa rami ina tsallake kwazazzabo, taɓo na tashi ta gefe biyu. Ɗan yana cewa in ƙara gudu, Allah shi taimake ni, ni kuma ina ƙarawa. Mun yi nisa da sansanin, ba mu kai kwalta ba, sai na hau wani dutse da ruwa ya tono. Taya ta fashe da ƙara kamar bindiga. Na fito a guje na buɗe but, sai ga lasifikoki suna kallona. Na koma na ja motar a kan wili, ƙarfe zalla, ba mu je ko'ina ba cikinta ya daki ƙasa, baƙin mai ya tsiyaye, inji ya mutu.

Wurin ba gida gaba ba gida baya. Waya ba sabis. Mutanen yankin duk suna sansani wajen rabon kaya, ko mashin ɗaya bai gifta ba. Ƙafar dattijuwar ta kumbura har gwiwa, jini ya fara fitowa daga dasashinta. Ɗanta ya goya ta ya fara tafiya, na bi shi ina roƙonsa ya ajiye ta tunda an ce kada a jijjiga ta, muka shimfiɗa rigata a gindin wata ɗorawa. Bai zage ni ba. Tambayata kawai ya yi, a hankali, wai yanzu duk girman motar nan ba taya a ciki? Ita kuwa ta fara yi masa wasiyya, tana faɗa masa wanda zai riƙe jikokinta. Na hau tudu na sauko, na ruga gaba na dawo, ina kuka kamar ƙaramin yaro, har inuwar ɗorawar ta karkata.

Can sai muka ji gurnanin inji. Alhaji ne. Ashe bayan tafiyarmu ya tsaya rabon kaya, amma hankalinsa ya ƙi kwanciya, ya sa aka sauke buhunan ya biyo sawunmu. Bai dubi motata ba. Muka ɗora dattijuwar a jif, ya ja a nutse har kwalta, daga nan ya taka raƙumar nan yadda ban taɓa zaton tana iyawa ba. A asibiti aka karɓe ta da gaggawa. Da na tsaya a baranda, abin da ya ce mini kawai shi ne in je in wanke fuskata in yi sallah.

Allah ya yi da sauran kwananta. Ta daɗe a kwance, kuma ƙafar ta lalace ta yadda sai da aka cire mata yatsu biyu. Na tambayi likita ko jinkirin ne ya jawo, ya ce ba zai iya rantsewa ba, amma a saran maciji jinkiri ba ya taɓa zama alheri. A waje kuwa bidiyon fitata daga sansani ya zagaya ko'ina, ana sa mini albarka, taimako ya riƙa shigo wa ƙungiya saboda shi. Duk wanda ya yabe ni sai in ji kamar ya watsa mini ruwan zafi.

Bayan an sallame ta na je har ƙauyen, a kan mashin. Na same ta tana juya kifi a kan banda, tana dogara sanda. Na durƙusa na ce Inna, na zo ne in faɗa miki abin da ba ki sani ba, ranar nan an hana ni ɗaukarki na ƙi ji. Ta yi dariya har da tari.

"Ɗana, a ƙafa ya sare ni, ba a kunne ba. Duk na ji abin da Alhajinku ya ce."

Na ce to me ya sa ba ta taɓa faɗa ba? Ta ce ta ga kukan da na yi a gindin itacen nan, ta san na riga na sha nawa. Ta ce ta yafe duniya da lahira, ta ƙulle mini kifi a leda, ta ce in gaida matata.

Har yau muna fita jerin gwano in masifa ta auku, kuma har yau ina jin daɗinsa. Amma ina kira ga 'yan'uwana matasa masu son mota, da duk mai fita aikin taimako: ranar da ka ga idanu sun yi yawa a kanka, ka tsaya ka tambayi zuciyarka wa take yi wa aiki. In babba ya ce dakata, ka dakata. In wani ya fi ka abin da ake buƙata a wurin, ka matsa masa, ladanka ba ya raguwa. Ni an yafe mini, amma duk lokacin da na je ƙauyen nan, da sanda take fitowa tarbata.