Wayar da aka juya a motar Baba

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Kafanchan, mahaifiyata ta yanke wa motar mahaifina hukunci. Motar ta girme ni. Fara ce, kujerunta jajaye, Baba yana goge ta kullum kamar takalmin zuwa coci. Matsalarta ɗaya: in aka yi ruwa ba ta tashi sai da turi, kuma kun san damina a garinmu.

Wata Lahadi 'yan zumuntar mata ne suka tura ta a ƙofar coci, da anko da komai. Muna isa gida Mama ta ce, "Baban yara, wannan mota ya gama ba ni kunya. In ya sake ƙi tashi Sunday mai zuwa, masu sayen ƙarfe za su zo su ɗauka." Baba ya je ya zauna cikin motar. Tausayinsa ya kama ni sosai.

Abokina mai gyaran janareta ya ce kwantak ɗin cikin distiributa, ɗan ƙarfen da ke sa wuta ta tartsa a injin, shi ne ke shan sanyi, akwai wata 'yar na'urar lantarki da ake sawa a madadinsa. Na aika Kaduna aka kawo ranar Juma'a, guda ɗaya tak. Ba ta kai kwalin ashana ba, wayoyi biyu gare ta, ja da baƙa. Murna ta hana ni cin abinci.

Da safiyar Asabar na buɗe bonet ina jin kaina cikakken injiniya, ni da nake koyar da labarin ƙasa. Na cire tsohon kwantak, na ɗaure na'urar, komai ya zauna daram. Takardar da ta zo da ita ta ce ja a kan alamar tarawa ta kwayil, wato abin da ke ƙara wa wuta ƙarfi, baƙa a kan alamar ragewa. Na bi ta sak. Baba yana ta leƙowa, ina cewa, "Baba, ku zauna kawai, wannan aikin zamani ne."

Na miƙa hannu zan karɓi makulli sai Baba ya maida shi aljihu.

"Ka gwada wuta tukuna?"

"Baba, an rubuta a jiki."

"Wanda ya rubuta bai san mai rewaya na Samaru Kataf ba. Cire wayanka."

Ya ɗauko ƙwan fitilar mota mai 'yar waya, ya murɗa makulli, ya taɓa alamar tarawa. Shiru. Ya taɓa alamar ragewa, ƙwan ya kama fes. Ashe tun kafin a haife ni wani mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota, ya juya wayoyin kwayil, kuma tsohon kwantak bai damu ba, haka ya yi ta aiki. Sabuwar na'ura ba ta da wannan haƙurin. Da na kunna, da ta ƙone nan take, ga shi babu wata.

Muka mayar da wayoyin daidai, Baba yana riƙe da ƙwan, ni ina ɗaurewa. Ya shiga ya murɗa sau ɗaya, injin ya ɗauka. Na yi tsalle har na buga kai a bonet. Baba ya yi ta danna hon har kajin maƙwabta suka watse.

Mama ta leƙo ta ce, "Yau akwai rana. Bari mu ga gobe."

Aka wayi gari Lahadi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mama ta shiga gaba ta rungume jaka, ba ta kallon kowa. Baba ya murɗa, mota ta tashi tun kafin ya saki makulli. Mama ta gyara ɗankwali ta ce, "To, ya tsira. Mu je, za mu yi latti."

Har yau in na tuna, daɗi nake ji, da 'yar kunya. Na kawo takarda da sabon kaya, na manta mutumin da ya yi shekara talatin yana sauraron injin nan yana tsaye kusa da ni. Bai taɓa yi min gori ba, bai kuma ce na gode ba. Da aka tashi coci ya zagaya ya buɗe ƙofar baya ya zauna, ya miƙo min makulli. Ranar na fara tuƙa motar Baba.