Goggo Hassana da cikin da aka ce ya kwanta

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Goggo Hassana, ƙanwar babana, kuma har yau wasu a Matameye ba su daina yi mata ƙage ba. Juma'ar da ta wuce, a gidan suna, na ji wata tana cewa, "Allah Ya jiƙan Hassana, amma fa hannunta ba ya barin ciki ya zauna." Na haɗiye magana saboda girman masu gida. A nan kam ba zan haɗiye ba. Goggo ba ta taɓa zubar da cikin kowa ba. Abu ɗaya ta ƙi yarda da shi: wai ciki yana kwanciya.

Kun san zancen. Mace ta kai wata biyu ko uku, laulayi ya ɗauke, ciki ya ƙi girma, ɗan jini yana ɗiga, sai tsofaffi su ce ya kwanta, a jiƙa saiwa, zai tashi in lokacinsa ya yi. Goggo ungozoma ce. Ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma ta daɗe tana kama wa ma'aikatan gidan likita, ta ga abin da ake fitarwa daga jikin masu irin wannan jira. Takan ce barci na mai rai ne.

Ina shekara goma sha biyar aka aiko daga garin Tsauni cewa cikin yayata Balki ya kwanta. Na bi Goggo. Muka tarar da Balki jiki zafi rau, ɗakin yana wani irin wari. Ko gaisuwa Goggo ba ta gama ba ta tambaye ta zane nawa ta jiƙe da jini tun safe. Surukar Balki ta tare ƙofa.

"Hassana, jikana ne a ciki. Ba za ki kai shi a kwashe ba."

"Iya, jikan ya riga mu gidan gaskiya. Uwar nake so in maido miki."

Duk da haka Goggo ta kai Balki gidan likita. Aka yi eko, wato hoton ciki, babu bugun zuciya. Aka yi mata wankin ciki, aka sa mata allurai. Yau 'ya'yan Balki uku. Surukar kuwa, har Goggo ta koma ga Allah ba ta sake amsa sallamarta ba.

Abin da masu ƙage ba sa faɗa shi ne matan da ta kai aka ga zuciya tana bugawa, suka dawo da cikinsu, suka haihu lafiya. Ba kowane jini ne ɓari ba, shi ya sa kullum bakinta gani ya kori ji. Kuma ba ta yarda a ɗora wa mace laifi. In miji ya fara cewa daka ce, ko ɗaukar tulu, ko bakin mutane, sai ta dube shi ta ce, "Kai manomi ne. Duk gyaɗar da ka zuba a rami ce ke fitowa?" Ta san yawancin ɓarin farkon ciki tun daga ƙulluwa ne abin bai zo daidai ba, wani kuma masassara ce da aka yi wa sakaci.

Da za ta leƙo yau, za ta ji daɗi. Eko ya zama ruwan dare, wata ma ƙwaya likita ke ba ta ba sai an yi wanki ba. Amma da ta ji saƙon murya yana yawo a wayoyinmu ana tallar maganin tayar da kwantaccen ciki, wallahi sai wayar wani ta sha ƙasa.

Goggo ba ta bar gadon gida ba, ba ta bar gona ba. Ta bar mata masu yawa da ke tafiya da ƙafarsu a garin nan, har da masu zaginta. Ni wannan ya ishe ni alfahari.

Yanzu ga shi ya zo cikin gidanmu. Sa'a, matar yayana, sati uku ke nan ana cewa nata ya kwanta, kuma Innata da kanta ta jiƙa saiwar. Na gaya wa yayana, ya ce in bari a ga wata ya kama. Ba zan bari ba. Na tambayi Sa'a, ta ce za ta bi ni, na kuma yi magana da mai kabu-kabu ya zo da babur ɗinsa gobe da hantsi. In sun so su ce na gaji hannun Goggo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wataƙila mu ji zuciya tana bugawa, wataƙila kuma shiru. Ko wanne ne, Sa'a nake so in maido wa Inna.